Ambulan Biyu a Adakar Baba

Najma, Doha
9 ga Fabrairu, 2003

Yaya Wasila,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Baba da hawan jininsa, da matata Bilkisu. Ni ƙalau nake, sai ƙiba da shinkafar Larabawa ke sa ni.

Albishirinki, na rabu da motar kai leburori. Kafil ɗinmu, wato ubangidan da ya ɗauko mu aiki, ya samu kwangilar tuƙa manyan sojoji a sansanin da Amurkawa da Turawan Ingila suka kafa a bayan gari, aka zaɓi direbobi shida har da ƙanenki. Wanda aka ba ni Birgediya ne, sunansa Hollin. Dogo ne siriri, kansa fari fat, kunnensa na hagu guntu.

Ranar farko da na buɗe masa ƙofa ya tambaye ni ƙasarmu. Da na ce arewacin Najeriya, sai na ji ya ce, "Sannu, lafiya lau?" Wallahi saura kaɗan makulli ya faɗi daga hannuna. Ashe ubansa ya yi yaƙin Boma tare da sojojinmu, a bakinsa ya tsinci Hausar. Kalmomi biyar ne duka jarinsa, kuma kullum sai ya juye min su.

Mutumin nan, Yaya, shekara talatin da ɗaya yana soja, kuma kamar yaƙi ne ke bin sa. Yana saurayi aka kai shi Ireland ta Arewa. A tsibiran Falkland ya bar rabin kunnen. Yana Kuwait lokacin yaƙin Tekun Fasha, ya yi Bosniya, ya yi Saliyo. Ba shi ke faɗa ba, sajan ɗinsa ne mai surutu. Shi in ya shiga mota takardu kawai yake dubawa.

Abin da ya ɗan taɓa ni shi ne jiya. An raba mana takunkumin fuska na hayaƙi mai guba, aka ce cikin daƙiƙa tara ake sa shi. Na yi daƙiƙa ashirin ina kokawa, ga shi a birkice. Bawah, ɗan Kumasi da muke ɗaki ɗaya, ya yi dariya har da hawaye, amma da muka koma unguwarmu Najma ba wanda ya iya cin abinci. Sannan Birgediya da kansa ya miƙo min takarda in rubuta wanda za a sanar in wani abu ya same ni. Na sa sunan Baba da akwatin gidan waya na makarantarku. Kada ki damu, kowa ya cike.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanenki,
Garzali

*

Malumfashi
6 ga Maris, 2003

Garzali,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Bilkisu ta gama saƙar hular da ta fara maka. Baba yana shan magani in na tsaya a kansa.

Kai yanzu wannan ne albishir? Kai, Garzali, kai! Na karanta wa Baba wasiƙarka, ina zuwa wurin takardar da ka cike ya tashi ya shige ɗaki, ko tuwo bai ci ba.

Kana ƙarami lokacin da Kaka Safiya ta rasu, to bari in faɗa maka abin da kake ji sama-sama. Kakanmu Haladu ma direba ne. Wani hafsan Turawa ya yaba da tuƙinsa a Zariya, ya tafi da shi Boma, Kaka tana da cikin Baba wata huɗu. Abin da ya dawo gidan nan shi ne ambulan mai ruwan ƙasa, da rubutun hannu da shuɗin tawada. Masinjan hakimi ya miƙa mata ya ce sai haƙuri. Ba ta buɗe ba, ba ta bari kowa ya buɗe ba. Ta ce takardar Bature mutuwa take ɗauke da ita, wanda ya yage bakinta shi ya shigo da ita gida. Har ta koma ga Allah maganarta ɗaya ce: "Ko an yi masa salla, ko kuraye suka ci shi a daji, oho." Ina ji da kunnena, ina yi mata tsifa tana faɗa. Ambulan ɗin na nan a adakar Baba, makullin a wuyansa.

Shi ne kai kuma ka je ka samo naka Baturen, har ka ba shi sunan Baba da hannunka.

Kullum da safe rediyo ba shi da magana sai Iraƙi. Baba ba ya sanin ina ne Doha ina ne Bagadaza, shi duk Gabas ce. Ni na duba taswira a ajin da nake koyarwa, tsakaninku da Bagadaza bai kai tsawon ɗan yatsana ba.

Ina so ka rantse min a wasiƙarka ta gaba cewa ba za ka bi mutumin nan ko'ina ba. Ban ce ka ba ni labari ba, rantsuwa nake so.

Yayarka,
Wasilatu

*

Najma, Doha
18 ga Afrilu, 2003

Yaya Wasila,

Sallama da gaisuwa. Lafiyata lau. Ki yi haƙuri da jinkiri, tun da aka fara yaƙi ba mu da lokacin kanmu. A bakin ƙofar sansani ake karɓe wayoyinmu, sai mun fito a ba mu.

Na ji faɗanki, kuma na ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Ranar da aka fara, ƙahon gargaɗi ya yi kuka muna tsakiyar hanyar Al Rayyan. Na taka birki, na ciro takunkumi, ya kuɓuce min ya faɗi ƙarƙashin kujera. Na tabbata na mutu. Sai na ji hannu ta bayana, Birgediya ne ya ɗauko ya sa min, ya ja igiyoyin, sannan ya sa nasa. Nawa ya fara sa min, Yaya. Ashe ba komai ba ne, kuskure aka yi. Da muka cire ya ce, "Yalla, mu tafi, Garzali," kamar ba a yi ba. Ni kuwa ƙafata ta ƙi taka totur.

Akwai abin da yake yi wanda ya tuna min da maganarki. Duk sojan da aka kashe daga rundunar da ya taɓa riƙewa, shi ke rubuta wa iyayensa da hannunsa, ba ya ba akawu. A bayan motata yake yi, ya ɗora jaka a gwiwa. Sai ya ce in tsaya a gefe in kashe inji. Na ga ya yi uku a watan nan. Sajan ya ce tun daga Falkland yake yi, kuma yana da sunayen duka a kansa. In ya gama sai ya daɗe yana kallon rairayi.

Yanzu an ce sun kama Basra, kuma ana raɗe-raɗin za a tura shi can ya riƙe wani yanki. Ya ce bai taɓa samun direban da ba ya sa shi jiri yana karatu ba sai ni. Kafil ma ya fara murmushi yana cewa mai zuwa can albashinsa ninki uku.

Ga rantsuwar da kika nema: wallahi ba zan tsallake iyakar Qatar ba sai da yardar Baba. Khalas, magana ta ƙare, ki kwantar da hankalinki.

Ki ce wa Bilkisu hular ta iso, ta yi min yawa, ko kaina ne ya rame.

Garzali

*

Malumfashi
16 ga Yuni, 2003

Garzali,

Ban san ko da mai rai nake magana ba, amma assalamu alaikum.

Wata biyu ba wasiƙarka. Ranar Alhamis biyar ga wata masinjan makaranta ya shigo aji ya miƙo min ambulan. Ruwan ƙasa, Garzali. Hatimin sojan Ingila a kusurwa, sunan Baba da rubutun hannu, shuɗin tawada. Na tuna abin da ka ce yana rubutawa a bayan motarka. Alli ya faɗi daga hannuna, ban san yadda na iso gida ba, takalmina ɗaya a makaranta na bar shi.

Kuskurena shi ne na kai wa Baba. Ya karɓa, ya juya gaba ya juya baya. Ya ciro makulli daga wuya, ya buɗe adaka, ya ɗora shi a kan na Kaka, ya rufe. Na ce, "Baba, ka bari in karanta." Ya ce, "Ba a gidan nan ba." Na durƙusa na roƙe shi. Ya ce, "Uwata ta yi shekara talatin da huɗu ba ta buɗe ba, ke kwana nawa kika yi?"

Kuma in gaya maka gaskiya, da ya hana ni sai na ji sanyi a raina. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane Turanci, tsoron takarda nake ji. Muddin tana rufe, kana da rai.

Sau uku ina hawa mota zuwa Funtua in buga wayarka. Wata Balarabiya ce ke amsawa kullum da murya ɗaya, mai shagon buga wayar ya ce cewa take wayarka a kashe take.

Gida ya zama wani iri. Ba a yi zaman makoki ba, amma maƙwabta sun fara shigowa suna zama shiru, su tashi su ce Allah ya sa mu ji alheri. Baba ya daina kunna rediyo. Jiya na same shi ya fito da rigarka ta Sallah yana kakkaɓewa.

In kana raye, don girman Allah ka rubuto ko layi ɗaya ne. In ka ga dama ka zage ni a ciki.

Wasilatu

*

Malumfashi
29 ga Yuni, 2003

Garzali,

Kana da rai! Alhamdulillahi, kana da rai, kuma in na kama ka sai na kusa kashe ka da hannuna.

Bilkisu ce ta jawo. Shekaranjiya Juma'a Baba ya tafi masallaci, ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Yaya, ki faɗa min, ni matar aure ce ko mai takaba? In takaba ce kwana ashirin da biyu sun wuce ban fara ba, alhakin a kan wa?" Na miƙe. Na ɗauki taɓarya na shiga ɗakin Baba, bugu biyu kwaɗon ya ɓalle.

Na karanta a tsaye. Birgediyanka yana gaida Baba da girmamawa. Ya ce yana so ka bi shi Basra wata huɗu, kai kuma ka ce ba ka zuwa sai da yardar mahaifinka, ka roƙe shi ya nema maka. Ya ce akwai haɗari, bai ɓoye ba. Sannan ga lambar waya: in Baba bai yarda ba, a buga kafin ashirin ga Yuni, magana ta ƙare. In bai ji komai ba, zai ɗauka an amince.

Ashirin ga wata, Garzali. Takardar ta yi kwana goma sha biyar a adaka tana jiran kalma ɗaya, a'a, muna zaune a kanta muna kuka.

Ban jira Baba ba, na kama motar Funtua na buga lambar. Wani soja ya ɗauka, ya ce Birgediya da mutanensa sun tashi tun ranar Litinin. Na ce a dawo min da ƙanena, ubansa bai yarda ba. Ya ce zai isar da saƙo. Murya ce ta mutumin da ba zai isar da komai ba.

Me ya hana ka rubuto da kanka? Ka san abin da ke cikin adakar nan, ni na faɗa maka da alƙalamina. Ka rasa wanda za ka aiko sai Bature da ambulan ɗinsa?

Da Baba ya dawo ya ga kwaɗo a ƙasa, na karanta masa. Ya yi hamdala har sau uku. Da na zo kan kwanan watan, ya ce in maimaita. Na maimaita. Sai ya zauna daɓas a ƙasa ya ce, "Ashe ni na tura shi." Tun daga lokacin ba ya barci sosai, jininsa ya hau, jiya sai da aka yi masa allura.

Ina aika wannan ɗakinku na Najma, ko abokinka Bawah ya san yadda zai kai maka. Ka dawo Doha. Baba bai yarda ba. Bai yarda ba, ka ji ko?

Wasilatu

*

Asibiti, Doha
24 ga Agusta, 2003

Yaya Wasila,

Assalamu alaikum. Kada rubutun ya tsorata ki, hannun Bawah ne, ni nake faɗa yana rubutawa. Ina raye, ina cin abinci, ina zuwa banɗaki da ƙafafuna.

Wasiƙunki biyu a nan Bawah ya kawo min su, don bai samu hanyar aika su Basra ba. Ya karanta min, na juya fuskata bango.

Kin tambayi abin da ya sa ban rubuto da kaina ba. Kunya ce, Yaya. Na san in na rubuto ke za ki fara gani, ki hana. Kuma na ga magana mai nauyi irin wannan ba ɗa ke kai wa ubansa ba, babban mutum ake samu ya kai. Ina ta murna Birgediya guda zai nemi alfarma wurin Baba, ya nuna wa abokansa na majalisa. Wallahi ambulan bai zo min a rai ba. Makonnin da kike buga waya muna cikin sansani ana koya mana tuƙi cikin ayari. Kullum sai na tambayi sajan ko an bugo daga Najeriya. Da ranar ta wuce na ce Baba ya yarda. Amma zuciyata ta san shirun Baba ba haka yake ba, son zuwa ne ya rufe min ido.

Basra kuwa, ban taɓa sanin tsoro ba sai can. Duk kwalin da ke gefen hanya, duk mushen jaki, sai ka ji numfashinka ya tsaya har ka wuce. Ranar sha ɗaya ga wata da hantsi muna dawowa daga tashar ruwa, na ga tulin shara inda jiya babu. Na karkata sitiyari, amma ban karkata da wuri ba. Ban ji ƙara ba, haske kawai na gani. Sajan mai surutu yana gefena, shi bai tashi ba. Birgediya ya ja ni waje da ƙafarsa a karye.

Yatsu biyu na hannun dama sun tafi, kunnen dama ba ya ji. Likita ya ce zan iya tuƙi, ni dai ban sani ba.

Kafin a wuce da Birgediya Ingila ya sa aka turo shi a keken marasa lafiya har gadona. A lokacin saƙonki na waya ya same shi, bayan sati bakwai. Na ba shi labarin adaka. Sai ya ce shekara talatin da ɗaya yana karanta rahoton abokan gaba, bai taɓa yin mummunan karatu irin wanda ya yi wa shirun Baba ba. Ya ce daga wannan ya ajiye kaki. Ya kuma ce ya riga ya rubuta muku tun daga Basra. Na ce, "Inna lillahi, wani ambulan ɗin kuma?" Yaya, don Allah in ya iso ki buɗe.

Ki roƙa min Baba gafara. Ki ce masa ba shi ya tura ni ba, ni na tafi.

Garzali

Hajiya, ni Bawah ina gaishe ku. Yana samun sauƙi, amma in ƙofa ta buga sai ya zabura. Ku riƙa rubuto masa.

*

Malumfashi
15 ga Satumba, 2003

Garzali,

Wa'alaikumus salam. Sannu, sannu, ƙanena. Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya saka wa Bawah da alheri. Bilkisu ta ce yatsu takwas sun ishe ta, ka dawo kawai.

Ambulan na biyu ya riga wasiƙarka da kwana tara. Da masinja ya miƙo min, na ajiye alli na karɓa. Ɗalibai suna kallona. Na ce a raina, in mutuwa ce ta riga ta faru, in ba ita ba ce ba zan sake zama a kan magana ba. Na yage shi nan a gaban aji. Layin farko ya ce, ɗanku yana raye. Ban ga na biyu ba sai da na gama kuka.

Na isar wa Baba saƙonka. Ya ce ba ka yi masa komai ba, kuma ko ka yi ya yafe.

Amma ba wannan ne ya sa na zauna rubutu yau ba. Jiya bayan la'asar Baba ya kira ni ɗakinsa. Adakar na buɗe, don bai sake sa mata kwaɗo ba. Ya ciro na Kaka. Ya yi laushi kamar tsumma, kan sarkin ya koɗe. Ya miƙo min ya ce, "Karanta wannan ma."

Na yi bismilla na sa reza a bakinsa a hankali. Shafi ɗaya ne, an rubuta a watan Maris na 1944. Hafsan ya ce Haladu ya rasu da rana, harsashi ne, bai daɗe yana jin jiki ba. Ya ce 'yan uwansa Musulmi na rundunar sun roƙi a tsaya, shi kuma ya tsayar da tafiya. Sun ɗebo ruwa a kogi sun yi masa wanka, sun sa shi a farin ƙyalle, mutum goma sha ɗaya suka yi masa salla. Sun binne shi a kan tudu, a gindin wata babbar bishiya, fuskarsa tana kallon alƙibla. Ya ce ya rubuto ne don mutanensa sun gaya masa wannan ne abin da matarsa za ta fi son sani.

Na fassara wa Baba kalma bayan kalma. Bai yi kuka ba. Ya tambaye ni, "Mutum nawa?" Na ce goma sha ɗaya. Ya gyaɗa kai, ya sa hularsa, ya ɗauki takardar ya fita.

Na bi shi daga nesa, don ina tsoron kada ya faɗi. Bai tsaya ko'ina ba sai maƙabarta. Ni na tsaya a bakin katanga, ina hango shi ya durƙusa a gefen kabarin Kaka. Iska ta kawo min muryarsa, yana faɗa da ƙarfi kamar yadda yake yi mata magana lokacin da kunnenta ya yi nauyi:

"Inna, an yi masa salla. An yi masa."

Ka dawo gida, Garzali.

Yayarka,
Wasilatu